Tambayi Bakanike: Sitiyari Na Rawa In Na Taka Birki, Diski Ne Ko Taya?

Jama'a assalamu alaikum. Tunda ruwa ya sauka saƙonnin birki suka yi yawa, kuma in ka duba yawancinsu akan faifan birki ne wato diski, shi yasa na ware masa filin wannan makon gaba ɗaya. Masu tambayar giyabos da na AC ku ɗan ƙara haƙuri, saƙonku yana nan bai ɓata ba.

TAMBAYA: Salam Oga, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ina da Camry 2008 wacce ake cema Muscle, matsalar da take bani shine in ina gudu kamar 100 zuwa 120 a hanyar Kano zuwa Zariya na taka birki sai sitiyari ya kama rawa sosai har hannuna na jijjiga, amma in ban taka ba lafiya lau take tafiya, a cikin gari ma bana jin komai sosai. Nayi balansin nayi alaimen har taya biyu na canja duk a banza. Yanzu bakanikena yace diski ne ya lanƙwashe a kai wa tona, mai injin fere ƙarfe, ya fere shi, wani abokina kuma yace kar na yarda in aka fere shikenan an kashe shi. Wanne zan ɗauka?
Daga wani ma'aikaci a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kuɗin balansin da alaimen ɗin nan kam sai dai kace Allah ya mayar da alheri, dan kai da kanka ka faɗi amsar a cikin tambayarka, kace in baka taka birki ba lafiya lau. Rawar da taya ke kawowa bata jiran a taka birki, da ka kai wani gudu zata fara ko ƙafarka na kan totur. Wadda kuwa sai an taka birki take zuwa, an ɗaga ƙafa ta ɗauke, toh wannan a diski ake fara nemanta. In a sitiyari kake jinta diskin gaba ne, in kuma a kujera da bayan mota kake ji yawanci na baya ne.

Bakanikenka yana kan hanya, amma maganar lanƙwashewa ba kasafai take zama haka ba. Abinda yafi faruwa shine kaurin diskin ya daina zama ɗaya, wani waje ya ɗan fi wani waje kauri, toh duk zagayen da taya tayi sai wajen mai kaurin ya ture fad (takalmin birki da ke matse diskin) baya, fad ya ture fistin, fistin ya ture man birki, kai kuma ka ji shi a ƙafarka da hannunka. Kuma bambancin da ke kawo wannan rawar ƙanƙani ne ainun, bai kai kaurin gashin kai ba, dan haka duk wanda ya ɗaga diski ya kalle shi a rana yace maka "wannan lafiyarsa ƙalau" ko "wannan ya lanƙwashe" wallahi hasashe kawai yake, ido baya ganin wannan.

Abinda za'a yi kafin a kai wa tona shine awo. Kowane diski na kirki akwai rubutu a jikinsa, ko a gefen bakinsa ko a wajen da ya ɗan kumbura inda noti ke shiga, zaka ga an buga MIN TH sannan lamba da mm. Wannan shine iyakar sirantar da kamfani ya yarda diskin ya kai. Sau da yawa tsatsa ta rufe shi, sai an sa buroshin waya an goge. A irin motarka na gaba sabo milimita 28 ne, iyakarsa 25. Kaga duk rayuwar diskin nan milimita 3 ce kacal, a wasu motocin ma 2 ce. Toh a auna naka. In an samu 27 da wani abu, tona zai iya ɗauke ɗan kaɗan ta kowace fuska ya rage da saura, ferewa bata kashe shi ba. In kuwa an samu 25.5 misali, me za'a fere? Kafin a gama gyara fuskar ya faɗa ƙasa da iyaka, ka biya kuɗin tona kuma ka ɗaura abinda bai kamata ya hau titi ba. Kaga abokinka da bakanikenka kowa nada rabin gaskiya, lambar ce zata raba gardama.

Shi awon kuma da maikiromita ake yi, wato wani ɗan ma'aunin kauri da ake murɗawa, a shiga kamar milimita 10 daga baki, kuma ba waje ɗaya ba, a zagaya a auna wajen guri takwas. In baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, kawai ake da ita a garejin a kula, dan tsohon diski bakinsa na tashi inda fad baya taɓawa, baniya zata hau kan wannan tudun ta baka lambar ƙarya mai daɗin ji. Dabarar itace a sa washa ɗaya ta kowace fuska a auna tare da su sannan a cire kaurin washa biyun.

Sai abu na biyu wanda yawancin garejinmu basa yi kuma shine ke sa rawa ta dawo bayan wata uku ko huɗu mutum yace tona bai iya aiki ba. Fuskar hob inda diski ke zama dole a goge ta tas har ƙarfe ya fito fari. Ɗan ɓarɓashin tsatsa ko yashi guda in ya maƙale tsakanin hob da diski, diskin zai zauna a ɗan karkace, yana juyawa yana shafar fad a waje ɗaya ko ba'a taka birki ba, a hankali wajen ya cinye, rawa ta dawo sabuwa fil ko da diskin sabo ne daga kwali. Masu kayan aiki suna ɗora wani ma'auni mai fuskar agogo da allura su juya diskin da hannu su ga yadda allurar ke kaɗawa, Toyota bata so ya wuce milimita 0.05. Ka kuma sa a girgiza tayar a ga ko boris na da wasa, dan shima yana kawo irin wannan.

Na uku ɗaurin noti. Yaron mai faci ya ɗaure noti ɗaya ya hau kan wil sifana da ƙafa yayi tsalle har sai yayi ƙara, sannan ya koma na kusa da shi, wannan ɗaurin yana jan diski gefe ɗaya. A fara kama su duka da hannu, sannan a ɗaure ana tsallake ɗaya, wannan sai na can gabansa, a zagaya sau biyu. Ƙarfin da Toyota ta rubuta wa motarka 103 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, ba wani ƙarfin a-zo-a-gani bane, mutum ɗaya da hannu yana kaiwa ba sai an taka ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, maigidana yana aiki a wani gari so duk harkar mota ni nake zuwa gareji da kaina. Abinda ke damuna duk sanda naje canja birki fad sai ace min Hajiya diski ma ya tafi sai an canja, ni kuma bansan komai akai ba sai dai na biya. Anya ba cutata ake ba? Ta yaya ni da kaina zan gane ya lalace ko bai lalace ba?
Daga wata malama a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara rufin asiri. Bazan ce ana cutarki ba tunda ban ga motar ba, amma a ƙa'ida diski ɗaya yana cinye fad saiti biyu, wani lokaci har uku, kafin shi ya kai iyaka. In duk canjin fad sai an canja diski toh ɗayan biyu ne, ko dai kina barin fad ya ƙare ƙarƙaf har ƙarfensa ya fara gurzar diskin kafin kije, ko kuma akwai wanda yake cin kasuwa. Na farkon yafi yawa fiye da yadda masu mota ke yarda.

Ki saurari motar. Yawancin fad suna da wani ɗan siririn ƙarfe da aka maƙala musu da gangan, in naman fad ya rage kamar milimita 2 sai ya fara taɓa diski yana wani ƙiiii siriri. Wannan kiran gaggawa ne amma diski bai lalace ba tukuna, in kika je a satin fad kawai zaki saya. In kika share har ƙarar ta koma gurrr mai kauri da kike ji har a ƙafarki duk sanda kika taka, toh ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kwana kaɗan ya isa ya yi wa diskin rami.

In kin je gareji kar ki zauna a mota ko a benci can nesa, ki tsaya a cire tayar a gabanki. Ki bari ya huce tukuna dan diskin motar da ta taho daga tafiya yana ƙona yatsa nan take. Sai ki sa farcenki a fuskar diskin daga ciki ki jawo zuwa baki. ’Yan layuka sirara da farce ke wucewa ta kansu yana ɗan karkarwa ba komai bane, kowane diski da yayi aiki yana da su, ballantana mu da yashi da ƙura basa rabuwa da titinmu. Amma in farcen ya faɗa wani kwari ya tsaya cak sai kin ɗaga shi, wannan zane ne mai zurfi, sabon fad bazai zauna daidai akai ba. Daga nan ki taɓa can bakin, zaki ji wani tudu ya zagaye shi, wajen da fad baya kaiwa kenan, shine ke nuna miki inda kaurin diskin yake tun yana sabo. In tudun ya kai kamar milimita ɗaya ta waje, akwai irinsa ta ciki, kinga an cinye wajen biyu kenan, ya kusa ko ya kai.

Kuma ki ce a nuna miki bayan diskin, ba fuskar da ke kallon waje kaɗai ba. Na sha ganin diski ta waje yana sheƙi gwanin kyau, a leƙa ta ciki da tocilan a tarar rabin fuskar tsatsa ce ta cinye, fad ɗan siririn layi kawai yake kamawa. Ki sa a murɗa sitiyari gefe a haska miki, ko da fitilar wayarki ce.

Bayan duk wannan sai ki yi tambaya ɗaya cikin ladabi, "Malam nawa ka auna, kuma nawa aka rubuta a jikinsa?" Bakaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar ma, ya goge wajen rubutun ya nuna miki. Wanda ya fara cewa ai Hajiya mu da ido muke ganewa shekara ashirin muna wannan aikin, toh ki ce a ɗaura miki fad ɗin kawai in diskin ba tsage yake ba, kije wani wajen a auna. Sannan duk abinda aka cire a motarki naki ne, ki ce a sa miki tsohon a but. Wannan kaɗai yana rage wasu abubuwan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni direban haya ne ina jan bas Jos zuwa Abuja. In na sauko Hawan Kibo da lodi sai naji ƙauri kuma birki yayi laushi sai na taka sau biyu uku yake kamawa, so in na sauka ƙasa nakan tsaya na zuba ma tayoyin gaba fiya wata ya huce har hayaƙi ke tashi. Jiya da aka cire taya naga diskin yayi shuɗi shuɗi kuma da ’yan tsage ƙanana, ɗaya kuma ta ɗan yi tsawo ta kai baki. Mai motar yace a kai a ɗan yi mata walda mu lallaɓa zuwa ƙarshen wata.
Daga wani direba a Jos

AMSA: Malam direba, tsakani da Allah kar ka sake ɗaukar fasinja da wannan diskin ko zuwa Bukuru ne. Ka nuna wa mai motar wannan amsar in yana ganin kai ne ke son kashe masa kuɗi. Tsagar da ta kai baki ta gama magana, ba awo ba ferewa ba walda. Diski da narkakken ƙarfe ake zuba shi irin wanda baya lanƙwasa sai dai ya fashe, walda bata riƙe shi, wajen da aka ƙona ma ƙara gautsi yake, kuma ranar da zai rabu ba a fakin zai rabu ba, sai lokacin da yayi zafi aka danne shi da ƙarfi, wato a tsakiyar gangara da mutum goma sha a bayanka.

Su ’yan ƙananan tsagen da ke tsakiyar fuska kamar an zazzana da allura, zafi ne ke kawo su, in basu da zurfi kuma basu haɗe da juna ba wani lokaci ferewa na ɗauke su. Shuɗin kuma shaida ce ƙarfen ya kai wajen digiri 300 ko ya wuce. Wani lokaci zafin na barin tabo-tabo masu tauri a fuskar, wajen yafi sauran ƙarfen ƙarfi baya cinyewa daidai da su, ko an fere bayan ɗan lokaci rawa ta dawo. Naka dai ya haɗa duka, a canja biyun na gaba tare da fad, dan fad ɗin da ya sha irin wannan wutar fuskarsa ta ƙone tayi santsi.

Ruwan da kake zubawa kuwa da hannunka kake tsaga shi. Ƙarfe yayi jajir ka watsa masa ruwan sanyi, fatar waje ta tsuke nan take cikin kuma yana nan a buɗe, dole wani waje ya bada kai. In ka tsaya ka barshi ya sha iska da kansa, in da hali ma gara ka ci gaba da tafiya a hankali a miƙaƙƙen titi iska na ratsa shi, ramukan da ke tsakiyar diskin gaba aikinsu kenan. Masu kai mota wanki da an dawo daga doguwar tafiya a sa mata ruwan famfo mai ƙarfi a taya, ku ma da ku nake.

Laushin da kake ji kuma wani abu ne daban kuma shi yafi bani tsoro. Man birki ne ke tafasa. Man birki samfurin DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, samfurin DOT 4 kuma 230, amma man birki yana shan danshi daga iska a hankali, in ya tsufa na farkon yana saukowa har wajen 140, na biyun 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layi, shi kuma tururi matsewa yake, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Abinda ake cewa birki ya tsinke a gangara sau da yawa ba abinda ya tsinke, wannan ne, shi yasa in motar ta huce sai a taka aji birki ya dawo kowa yayi ta mamaki. A zubar da tsohon man gaba ɗaya a sa sabo daga gwangwanin da ba'a taɓa buɗewa ba, kuma a riƙa yin haka duk shekara biyu, kai da kake wannan hanyar ma duk shekara. Masu zuba ruwan omo a tankin man birki kuwa, Allah ya shirye su kawai zan ce.

Asalin maganin dai a tuƙi yake. Tun daga saman hawan kafin mota ta ɗauki gudu ka sa giya ta biyu ko ta uku injin ya riƙe ta, kar ka sake ta a firi dan tsimin mai, kar kuma ka ɗora ƙafa akan birki tun daga sama har ƙasa. Ka taka da ɗan ƙarfi gudu ya ragu, ka ɗaga ya sha iska, ka sake. Kuma ka sani in gudu ya ninka biyu zafin da birki zai shanye kafin ya tsayar da kai ninki huɗu ne.

TAMBAYA: Ina wuni Malam. Motar babanmu ce tayi sati biyu a ajiye a waje ana ruwa, da na leƙa ta cikin wili naga diski duk yayi ja da tsatsa, da na tada ta kuma birki na wani shhh shhh. Ya lalace ne?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi

AMSA: Lafiya lau ɗan samari, kwantar da hankalinka. Diski ƙarfe ne tsirara ba fenti, ko kwana ɗaya yayi da ruwa zai yi ja. Ka fita da ita layin da ba mutane ka taka birki a hankali sau biyar shida, ka sauko ka leƙa zaka ga ya koma fari. Tsatsar da ake tsoro itace wadda bayan an yi tafiya tana nan, ta ci ƙarfen tayi rami-rami ko tana ɓarewa ɓawo-ɓawo, irin wadda ake gani a motocin da aka shigo da su ta Kwatano daga wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara kamar Kanada da arewacin Amurka. In za'a sake ajiye ta da daɗewa a fili mai lebur, a barta a giya a sa mata weji maimakon a ja hambirki, dan yana iya mannewa.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. An auna diskina na gaba ɓangaren direba ya wuce iyaka amma ɗayan da ɗan saura. Aljihu ba nauyi wlh. Zan iya canja guda ɗaya kawai? Kuma tsakanin Beljiyam da sabo na kwali wanne yafi, dan wasu na cewa sababbin yanzu duk jabu ne gara Beljiyam.
Daga wani ɗan kasuwa a Katsina

AMSA: Alhaji na san halin da ake ciki, amma diski biyu-biyu ake canja shi, hagu da dama na layi ɗaya. In ɗaya sabo ne mai kauri ɗaya tsoho siriri basa kamawa daidai kuma basa ɗaukar zafi daidai, ranar da ka taka da ƙarfi sai motar ta fizge gefe. Kuma birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota, ba wajen tsimi bane. Gara ka jinkirta wani gyaran kamar na AC ko fenti.

Maganar Beljiyam, akwai masu kyau sosai, na kamfani ne na asali da aka ciro daga motar da bata yi wata tafiya ba, kuma irin wannan yafi sabon da ba'a san inda aka zuba shi ba. Amma Beljiyam ɗin ma ai wani ne yayi amfani da shi, wani ma can an cire shi ne dan ya kai iyaka. Dan haka ko Ƙofar Ruwa ka shiga a Kano ko Panteka a Kaduna, kar kaje hannu rabbana, ka tafi da tsohon naka da kuma abin awo ko bakaniken da ke da shi. A nemo rubutun MIN TH a auna a gabanka, in saura rabin milimita ya kai iyaka ka ajiye musu kayansu komai arharsa. Ka duba wanda aka riga aka fere aka goge shi yana ƙyalli, wani har rubutun an share, in ba rubutu ni bana saye. Ka leƙa ramukan tsakiya ka ga ko tsatsa ta cinye ginshiƙan. Ka rataye shi a yatsa ko a waya ka ɗan buga masa sifana, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga sai kaji ƙwal ta mutu nan take, duk da dai wannan gwajin baya maye gurbin dubawa da ido a cikin haske. Sannan ka jera shi da naka, faɗi, tsayi, yawan ramin noti, dan mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da diski kala biyu gwargwadon injinta da ƙasar da aka yi wa ita.

In sabo ka saya, ka ɗaga shi ka ɗaga tsohon, in sabon yafi tsohon da ya cinye rashin nauyi toh an rage ƙarfe a ciki. Kuma yawancinsu suna zuwa da wani mai-mai da aka shafa dan kar suyi tsatsa a kwali, dole a wanke shi tas kafin a ɗaura in ba haka ba ya shiga fad ya lalata shi. Bayan an ɗaura kar ka hau babban titi ka gwada shi da ƙarfi, ka samu wajen da ba cunkoso ka riƙa kaiwa 60 kana saukowa zuwa 10 a hankali wajen sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan kilomita 200 na farko ka lallaɓa shi.

TAMBAYA: Salam Baba. Ni yaron gareji ne shekarata biyu ina koyo. Akwai wata Corolla da ke zuwa wajenmu kullum fad na ciki ɓangaren fasinja ke ƙarewa na waje kuma kamar sabo, diskin wajen ma ya cinye ta ciki kawai. Mun canja fad sau biyu. Na tambayi ogana yace fad ɗin ne ba kyau. Ni dai raina bai kwanta ba.
Daga wani mai koyon aiki a Gusau

AMSA: Yarona Allah ya yi maka albarka, ranka da bai kwanta ba yana da gaskiya, amma ka san yadda zaka faɗa wa ogan naka, kar kaje kace a jarida akace yayi kuskure. Fad mara kyau ai duka huɗun zai cinye, bazai zaɓi guda ɗaya ba. Kalifa ce, wato ƙarfen da ke rungume da fad yana matse su a jikin diski, bata zamewa. Irin ta Corolla fistin ɗaya gareta ta ciki, in ya tura fad na ciki sai ita kalifar gaba ɗaya ta zame akan fil guda biyu ta jawo na waje. In fil ɗin nan suka bushe ko robarsu ta yage ruwa da ƙasa suka shiga, kalifa ta tsaya waje ɗaya, na ciki kaɗai ke aiki shi da fuskar diski ta ciki.

Ka gwada da kanka. In motar ta shigo daga tafiya ka kara bayan hannunka kusa da wilin hagu sannan na dama ba tare da ka taɓa ba, wanda ke riƙewa zaka ji yafi zafi. Ka ɗaga ta a jak, ka sa mata abin tokare mai ƙarfi dan jak kaɗai ba'a yarda da shi, ka juya tayar da hannu ka gwada da ɗayar. Sai ka kwance kalifar ka ja fil ɗin da yatsa biyu, ya kamata su shiga su fita sumul. In sai da filaya suka fito ka goge su, ka wanke ramin, ka canja robar in ta yage, ka sa giris na birki mai jure zafi. Kar ka sa baƙin mai ko giris ɗin boris, yana kumbura robar ya dawo da kai inda ka fito. Ka duba kunnuwan fad inda suke zama a cikin burakit, tsatsa na taruwa a ƙarƙashin ’yan ƙarafunan nan ta matse fad ya kasa komawa. In duk wannan lafiya sai ka koma kan fistin, ka mayar da shi ciki a hankali ka ji ko yana tafiya, in yaƙi sai ka ɗan kwance nonon fitar da iska, in ya tafi da sauƙi bayan ka kwance toh tiyon birkin ne ya toshe ta ciki yake hana mai komawa, in har yanzu yaƙi fistin ne yayi tsatsa.

Shi diskin tunda fuska ɗaya ta cinye a auna shi kamar yadda na faɗa wa mai Camry. Kuma in ka cire kalifa kar ka barta tana reto a jikin tiyo, ka ɗaure ta da waya a jikin sifirin. Ƙurar birki kar ka hure ta da baki ko da iskar kwamfaresa, wasu fad masu arha har yanzu ana samun wani sinadari da ake kira asbestos a cikinsu kuma yana lalata huhu, ka jiƙa tsumma ka goge. In kun gama ɗaurawa, kafin a miƙa wa mai mota makulli ka shiga ka taka birki sau huɗu biyar har feda tayi tauri, dan fistin da ka mayar ciki takun farko baya kama komai, sannan ka buɗe bonet ka duba man birki yana tsakanin layi biyun nan.